Ba Haƙori Ba Ne

Duk wanda ya san ni a dangi ya san ba na ɗura wa yaro abin da ban san me ke cikinsa ba, ko wane ne ya kawo, ko da mahaifiyata ce. Wannan hali ya jawo mini baƙin jini ba kaɗan ba. An ce boko ya hure mini kunne, an ce na raina na gaba, wata gwaggona ma ta daɗe ba ta taka gidana ba saboda na mayar mata da kwalbar jiƙon da ta aiko wa jaririna. Ban taɓa zama na warware wa kowa tushen abin ba, don maganar tana taɓa mutanen da nake ƙauna, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da nake gani yanzu a wayoyin iyaye mata shi ya sa na kasa ci gaba da yin shiru.

Ban gama firamare ba aka kai ni gidan Yayata in taya ta reno. Ɗanta na fari ne, kuma kusan a bayana ya yi wayo. Yaro ne ɓul-ɓul mai fara'a, in na kwance goyo zan sauke shi sai ya damƙe kitsona ya ƙi saki. Yana cikin wata na bakwai, ya fara jan ciki a tsakar gida, gudawa ta kama shi. Duk wadda ta leƙo sai ta ɗaga leɓensa, ta ga dasashi ya yi fari, ta ce, "Ayya, haƙori ne. Kowane yaro sai ya yi." Ni aka aika bakin kasuwa wurin mai magani, na dawo da ƙulli biyu a leda, ɗaya na jiƙawa a ba shi, ɗaya na goga masa a dasashi. Mai maganin ya ce kada a damu in gudawar ta ƙaru, dattin ciki ne ke fita.

Ta kuwa ƙaru. Sai maɗigarsa ta faɗa. Wurin nan mai laushi a tsakiyar kai, wanda kullum nake zuba wa ido ina kallon yadda yake harbawa, ya lotsa har ana hango ramin daga bakin ƙofa. Tsofaffin gidan suka ce wani ciwon ne kuma daban ya shigo, na kai, aka kwaɓa wani baƙin magani aka lafta masa a wurin. Ni da nake goya shi na ga abubuwan da ban san fassararsu ba. Zai buɗe baki ya yi kuka, babu hawaye. Zanen goyon da a da nake sauyawa saboda fitsari, ranar a bushe ya wuni. Idanunsa suka zurma, in ya yi barci ba sa rufuwa duka.

Yaya ba ta ce uffan ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, ba ta isa ta nuna damuwa a kansa a gaban surukai ba. Na gan ta a wurin wanke-wanke riƙe da kwano ɗaya, tana ta cuɗa shi ba ta ajiye ba, idonta na kan tabarmar da aka kwantar da shi. Sai da mijinta ya dawo daga tafiya da dare aka nemi mota. A asibiti aka nemi jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa a hannu, aka rasa, aka duba ƙafa, aka koma kai. Malamar asibitin ta dubi Yaya ta ce, "Baiwar Allah, tun yaushe yake haka?" Babu wanda ya amsa. Kafin kiran assalatu Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki kowa cewa yake kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, na yi imani da haka har gobe. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya hore mu da neman magani, da tambayar masana abin da ba mu sani ba.

Sai da na girma na shiga kwalejin horon malamai na ji bayanin abin da idona ya gani. Faɗawar maɗiga ba ciwo ne mai zaman kansa ba, alama ce ta cewa ruwan jikin jariri ya ƙafe. Haka kuka ba hawaye, haka ɗaukewar fitsari. Duk abin da za a shafa a kai ba zai mayar da ko ɗigo ɗaya ba. Abin da yake bukata kuwa yana nan cikin gidan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono. Sukarin ne ke taimaka wa hanji ya zuƙi gishirin, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jini. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke iyakar Indiya, ƙarin ruwa na asibiti ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a cikin durom ana shayar da majinyata, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa fakitin irin wannan ruwa, wato ORS, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Ranar da aka yi mana wannan darasi na fita daga aji, na zauna bayan ɗakin karatu, na yi kukan da ban iya yi ba ranar da aka ɗauke shi.

Shi kansa haƙorin, nawa ne laifinsa? Yana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Ba ya kawo gudawa, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya sa jijjiga. Abin da ya ruɗe mu shi ne lokacinsu ya zo ɗaya. Wajen wata shida ne kariyar da jariri ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa, a lokacin ne kuma yake jan ciki yana kai komai baki, takalmi ne, ƙasa ce, kashin kaji ne. Haƙori ya tsiro a daidai nan, sai ya ɗauki laifin ƙwayoyin cuta. Uwar da ta yarda haƙori ne kuwa ta yarda ke nan abu ne da zai wuce da kansa, sai ta jira. Ina kyautata zaton wannan jiran ya fi abin da ke cikin ƙullin nan illa ga ɗan Yayata.

Yardar da muka yi cewa haƙori na bukatar magani kasuwa ce babba, kuma ba a bakin kasuwarmu kaɗai take ci ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori na kwalba mai suna My Pikin ya yi sanadin rasuwar yara aƙalla 84 a Najeriya, saboda an haɗa shi da diethylene glycol, sinadarin da ke kashe ƙoda. Wannan daga masana'anta ya fito a Legas, ba daga buhun mai saiwa ba. A Amurka kuma, a 2016 hukumarsu ta kula da abinci da magunguna ta gargaɗi iyaye kan wasu ƙwayoyin haƙori da ake tallatawa da sunan daga tsirrai suke, daga baya gwaji ya nuna yawan belladonna da ke cikinsu, wani tsiro mai guba dangin zaƙami, ya saɓa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, wani lokaci ya zarce abin da aka rubuta. Duk inda aka samu uwa mai tsoro da jaririn da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, za a samu mai jira da kwalba a hannu.

Tawa jarrabawar ta zo da na haifi nawa ɗan farin. Kafin suna na lura farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, in na danna karan hancinsa da yatsa fatar ma haka take nunawa. Surukata, Allah ya jiƙanta, mace ce mai kirki da ban taɓa rasa komai a hannunta ba. Ta duba ta ce shawara ce, a shanya shi a hantsi, ta kuma aika a samo saiwar rawaya a jiƙa. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ki yi mini afuwa, ina so a fara kai shi asibiti." Ɗakin ya yi tsit. Mai jegon ɗan fari ta buɗe baki a kan ɗanta, a gaban 'yan barka! Ta ce, "Ke 'yar nan, uban nasa da kike gani da me na raine shi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Jikina ya ɗauki rawa, na kasa ɗaga ido, amma ban janye ba. Maigidana ne ya raba gardamar. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, a bari mu je su duba, in sun ce ba komai mu dawo."

Ba su ce ba komai ba. Sun ɗibi jininsa a dunduniya, suka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, tsirara sai ƙunzugu, an rufe masa ido da ƙyalle. Likitan ya tambaye ni ko akwai kafur a cikin kayansa. Akwai kuwa, haka kowane akwatin kayan jarirai yake a unguwarmu. Ya yi mini bayani cewa da yawa daga cikin 'ya'yanmu, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari na jini da ake kira G6PD. In irin wannan jariri ya shaƙi kafur, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su riƙa fashewa, su saki abin nan mai ruwan ɗorawa, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi ba. Jarirai da yawa suna ɗan yin shawara ta wuce ba tare da illa ba, amma in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take hawa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har ƙarshen rayuwa, kuma ido ba ya iya auna inda ta kai, sai gwaji. A gadon da ke kusa da namu akwai jaririn da aka kawo a makare. Ya ƙi kama nono, yana banƙarewa ta baya, kukansa siriri mai tsini. Uwarsa yarinya ce ƙarama, ita ma ta fari ce.

Hajiya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Har ta koma ga Allah tana ganin da an ba rawaya dama da ta yi aiki. Amma da hannunta ta zazzage kafur ɗin daga akwatin kafin a sallame mu.

Ban taɓa riƙe ta a zuci ba, ita da tsofaffin gidan Yaya. Abin da suka gada suka bayar, ba su karɓi sisin kowa ba, kuma a zamanin da suka yi nasu renon asibiti tafiya ce mai nisa. Abu ɗaya dai nake so mu riƙa tunawa in an ce mana "da shi muka raine ku". Hajiya ta haihu da yawa, kuma waɗanda ta binne suna ƙanana sun kusa kai waɗanda suka rayu. Mu da muka rayu mu ake nunawa a matsayin shaida. Sauran ba a lissafa su, don tuna su ciwo ne.

Waɗanda nake jin haushinsu su ne 'yan kasuwar yau. A da mota ce da lasifika a bakin tasha, in ba ka so ka wuce. Yanzu suna cikin ɗakin uwa da tsakar dare, a zauren WhatsApp na matan unguwa, a TikTok, a Facebook, wani da farar riga yana kiran kansa dakta. Na zauna na saurare su da kyau, salonsu kusan ɗaya ne. Za su fara da abin da kowane yaro ke yi: ɗanki na yawan kuka? Yana gumi da dare? Ba ya son abinci? Sai su laƙaba masa suna, sanyi ne ya gado daga gare ki, ko basir, ko dattin ciki. Uwa ta ji laifin nata ne, hankalinta ya tashi, sai a nuna mata kwalba ɗaya da ke maganin duka, har da ƙarin ƙwaƙwalwa da saurin tafiya da ƙiba. Daga nan a jero saƙonnin murya na mata suna godiya. Wasu daga cikin matan nan gaskiya suke faɗa, yaran nasu sun warke, domin mura da ƙananan laulayin yara da kansu suke wucewa, kwalbar da ke kusa ta kwashe yabon. Uwar da nata ya mutu kuwa ba ta aiko da saƙon murya.

Babban makaminsu shi ne cewa ba kemikal a ciki, daga tsirrai ne zalla, don haka ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Zaƙami ma ai tsiro ne. Kwallin da muke rambaɗa wa jarirai dutse ne daga ƙasa, amma a 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano gubar dalma a jinin wani jariri, da aka bi sawu sai ga kwallin da aka kai masa daga Najeriya, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Zuma abinci ce mai albarka, ina sha, ina ba 'ya'yana. Amma likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ba, saboda takan ɗauko irin wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya wa, na jariri kuwa ba ya iyawa, gubarta ta shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu lulluɓe hajarsu da rigar addini, ta yadda in uwa ta tambayi me ke cikin kwalbar sai a ce imaninta ne da rauni. Tambayar abin da za ka zuba a cikin amanar da Allah ya ba ka ba raunin imani ba ne.

Na san kuma ba banza mutane ke gudun asibiti ba. Na bi layi da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa, na sha tsawa a gaban jama'a, na riƙe takardar magani ina lissafin abin da ya rage a jaka. Mai magani a waya kuwa zai kira ki Hajiya, ya saurare ki, ya yi miki ragi. Akwai kuma tsohon tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan yana da hujjar yin tambaya. Amma mun ga inda rashin yarda ya kai mu da ya wuce tambaya ya koma ƙin komai. An dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Idon da muka sa wa kamfanin waje, me ya hana mu sa wa mai kwalbar da ko adireshi ba shi da shi?

Ni ba na gaba da itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu yau a asibiti daga wani nau'in tazargade aka samo shi. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tattara girke-girken gargajiyarsu fiye da 2,000, suka yi ta gwadawa suna zubarwa, har suka ware sinadarin artemisinin a farkon shekarun 1970. Ta sha da kanta kafin a ba majinyata, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba aikinta da kwalbar waya shi ne awo da gwaji da yarda a zubar da abin da bai yi aiki ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a dafa ganyen a sha a madadin maganin ba: ba wanda ya san yawan sinadarin da ke cikin kofi, in ya yi kaɗan ƙwayar cutar ba ta mutu ba, sai ma ta koyi jure masa. Ko lambar hukumar NAFDAC da masu talla ke ɗagawa a gaban kyamara, a duba ta da kyau. In maganin gargajiya ne kuma lambar ta ƙare da harafin L, abin da hukumar ta duba shi ne ko yana da guba, ba ta shaidi cewa yana warkar da cutar da aka lissafa ba.

'Yar'uwata mai reno, duk wanda ya miƙo miki abu don ɗanki, ki tambaye shi me ke ciki, nawa ake ba yaro mai nauyin naki, wa ya gwada, kuma wa za ki nema in abu ya ɓaci. In ya fusata da tambayar, ki mayar masa da kayansa. Iyayenmu kakannin yara, don Allah ku saki wa mai ɗan fari baki, ita ke kwana da shi, ita ta san lokacin da ya sauya. Kai kuma maigida, ka sani kunya na iya ɗaure matarka a gaban mahaifiyarka, kai ne za ka yi magana. In jariri ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko numfashinsa na sama-sama, ko ya yi jijjiga, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya kama shi bai kai wata uku ba, kada ka tsaya jin sunan da za a laƙaba wa ciwon. Ka ɗauki ɗanka ka kai shi asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye.